Kafin Duniya Ta Waiwaye Su

A watan Maris na 1969 kamfanin Decca da ke Landan ya fitar da wani faifai mai baƙin bango. Babu hoto a kai, babu ma sunan waɗanda suka yi shi, sai kalmomi huɗu da ruwan zinare: From Genesis to Revelation. An cire sunan ƙungiyar ne saboda akwai wata a Amurka da ta riga ta ɗauke shi. Masu shaguna suka duba, suka ga sunan littafin farko da na ƙarshe na Baibul, sai da dama daga cikinsu suka jera faifan a layin waƙoƙin coci, inda ya kwanta babu mai tayawa. Abin da aka sayar a zagayen farko bai wuce kwafi 650 ba. Huɗu daga cikin yaran da suka yi aikin a makarantar kwana ta Charterhouse suka haɗu, shekarunsu daga 16 zuwa 18, kuma a hutun bazara na 1968 suka shiga situdiyo.

Ita wannan ƙungiya, Genesis, ita ce ta cika filin wasa na Wembley dare huɗu a jere a watan Yulin 1987. Wanda ya yi samartaka a shekarun 1980 da rediyo kusa da kunnensa, a Kaduna yake ko a Accra ko a Landan, da wuya a ce bai ji muryar Phil Collins ba. Sai dai mafi yawan masu ƙaunar muryar ba su san cewa da sandunan ganga ya shiga Genesis a 1970 ba, ya shekara biyar a bayan dandamali yana kiɗa kafin ya fito gaba ya karɓi makirufo. Ba su kuma san ƙungiyar ta riga ta naɗi faya-fayai biyu kafin zuwansa ba.

Irin waɗannan faya-fayan farko, na Genesis da Pink Floyd da Yes da Supertramp da Rush, an saba ɗaukarsu a matsayin share fage, abin da ake tsallakewa a gaggauce don a kai ga shahararrun. A ganin mai wannan rubutu, asara ce babba. A cikinsu ne ake jin makaɗa suna neman hanya, suna gwada abin da ba su ƙware a kai ba, wani lokaci su dace, wani lokaci su faɗi. Suna kama da gini kafin a yi masa yaɓe, ana ganin yadda aka jera kowane tubali. Wanda ya tsaya ga shahararren faifai kaɗai ya ji daɗi, amma ba zai gane daga ina daɗin ya fito ba.

Kiɗan da ake magana a kai rok ne mai dogon zango, wanda masoyansa ke kira prog a taƙaice. A Ingila ya tsiro a ƙarshen shekarun 1960. Kafin lokacin, waƙar rok ba ta cika wuce minti uku ba, saboda abin da ƙaramin faifai da gidajen rediyo ke buƙata ke nan. Babban faifai kuwa yana ɗaukar minti 20 da ɗoriya a kowane gefe, kuma bayan da Beatles suka fitar da Sgt. Pepper a 1967, matasan makaɗa suka fara kallon wannan fili a matsayin wurin da za a yi aiki guda mai faɗi. Suka ɗebo daga kiɗan gargajiyar Turai, da jaz, da waƙoƙin coci, da na karkarar Ingila. Suka bar ƙirgen huɗu-huɗu da kowa ya saba, suna kiɗa a kan biyar ko bakwai ko tara. Waƙar "Money" ta Pink Floyd, wadda ta shahara har a rediyon Amurka, a kan ƙirgen bakwai take tafiya, shi ya sa mai ƙoƙarin taka rawa da ita yakan ji ƙafa ɗaya ta yi masa saura.

Akwai wata na'ura da ta ba wannan kiɗa ƙamshinsa, sunanta Mellotron, a Birmingham ake ƙera ta. A ido kamar ƙaramin piyano take, amma a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane. In an danna maɓallin, zaren ya yi tafiyar daƙiƙa takwas kacal, ya ƙare, sai an ɗaga yatsa ya koma farko. Don haka makaɗi ba shi da ikon riƙe sauti yadda ya so, dole ya riƙa sauya yatsu yana rarrafe a kan maɓallan. Ga nauyi, ga saurin kaucewa daga saiti in wutar lantarki ta yi rauni. Amma wannan rawar da sautin ke yi, kamar ana jin taron masu goge daga wani ɗaki mai nisa, ita ce ta cika In the Court of the Crimson King, faifan da King Crimson suka fitar a Oktoban 1969, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin salon. Hatta shi ma yana da wan da aka manta. Shekara guda kafin nan, Robert Fripp, mai jitar King Crimson, da 'yan'uwa biyu, Michael da Peter Giles, sun fitar da The Cheerful Insanity of Giles, Giles and Fripp, bai yi kasuwa ba ko kaɗan.

Masu sauraron da suka girma da wannan kiɗa, in suna ba da labari, kusan hanya ɗaya suke bi, kuma daga baya take farawa ta nufi gaba. Waƙa guda ce ke kama mutum a rediyo. Ya tara kuɗi ya sayi faifan da take ciki, ko ya kai kaset a kwafa masa. Ya saurara har ya haddace inda allura ke tsalle. Sai wata rana, a akwatin yayansa ko a shagon tsofaffin faya-fayai, ya ci karo da sunan ƙungiyar a kan wani bango da bai taɓa gani ba, shekarar da ke jiki ta girmi wadda ya sani da biyar ko goma. Babu intanet da zai tambaya, babu wanda ya gaya masa abin da ke ciki. Ya kai gida, ya zaro faifan daga aljihunsa na takarda, ya riƙe shi ta gefe don kada yatsa ya taɓa layukan, ya hure ƙura, ya ɗora allura. Ɗan ƙaras-ƙaras ya fara fitowa, sannan murya. Bayan minti 20 dole ya tashi ya juya faifan, kuma wannan tashin ma wani ɓangare ne na sauraron, domin makaɗan sun tsara kowane gefe da farkonsa da ƙarshensa.

Wanda ya zo wa Trespass, faifan Genesis na biyu, ta wannan hanya ba ya manta ranar. Bangon zanen ruwa ne mai sanyin launi, namiji da mace cikin kayan sarauta suna leƙen tsaunuka ta taga, sai ga wani tsagi ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe. Mai zanen, Paul Whitehead, ya riga ya gama aikinsa lokacin da ƙungiyar ta ƙara wata waƙa mai zafi, "The Knife", suka ce hoton bai dace da ita ba. Maimakon ya sake zane, sai ya ɗauki wuƙa ya tsaga wanda ke hannunsa. Abin da ke cikin faifan ma haka yake. Waƙoƙi shida ne, biyar suna tafiya a hankali, jita mai tsirkiya 12 guda biyu suna saƙa sauti, Peter Gabriel yana busa sarewa, muryarsa na ɗan shaƙewa kamar ta wanda ya girmi shekarunsa 20. Ta ƙarshen kuma ta zo da gudu, minti tara na ogan da jita suna kokawa, a kan labarin mai juyin juya halin da ke tura mabiyansa ga mutuwa.

Kafin su naɗi wannan faifai, yaran sun kwashe hunturun 1969 a wani ɗan gida a karkarar Surrey, suna atisaye tun safe har dare. Tsakanin baƙin faifan nan na Decca da Trespass wata 19 ne kacal, amma wanda ya saurare su a jere zai rantse ƙungiyoyi biyu ne daban. A Ingila ba a kula Trespass ba. A Beljiyam kuwa ya hau matsayi na ɗaya, kamar yadda Italiya ta rungumi wanda ya biyo bayansa, Nursery Cryme na 1971, tun mutanen gida ba su farga ba.

Labarin Pink Floyd ya fi kowanne nuna abin da ake rasawa. The Dark Side of the Moon ya fito a Maris 1973, ya yi makonni fiye da 700 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, an sayar da sama da kwafi miliyan 45. Shi ne na takwas da suka yi. Bakwai ne a bayansa, kuma in aka cire na farko, wanda Syd Barrett ya jagoranta a 1967, sauran shida sun fito ne daga hannun mutanen da suka rasa marubucin waƙoƙinsu, domin Barrett ya bar su a 1968 sakamakon taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwa. Babu wanda a cikinsu ya saba rubuta waƙa yadda yake yi. Suka shiga lalube. Suka yi wa finafinai kiɗa. A Ummagumma kowannensu ya ɗauki rabin gefen faifai ya yi abin da ya ga dama shi kaɗai. A Atom Heart Mother, mai hoton saniya a bango, suka gayyato masu busa ƙaho da taron mawaƙa.

Sai 1971, suna situdiyo babu waƙa ko ɗaya a hannu, suna tara guntayen sauti. Richard Wright ya danna maɓalli guda na piyano, aka bi da sautin ta wata lasifika mai juyawa da ake kira Leslie, ya fito siriri yana amsa kuwwa kamar siginar jirgin ƙarƙashin ruwa. Daga wannan ɗigo guda aka gina "Echoes", waƙar minti 23 da ta cinye gefe na biyu na Meddle. Duk abin da duniya ta so a Dark Side yana nan: muryar David Gilmour da ta Wright a haɗe, jita mai jan numfashi, baitocin Roger Waters a kan yadda mutum ke gane kansa a fuskar baƙo. Tsawon nata ba zai firgita kunnen da ya saba da Shata yana jan waƙa guda har gefen kaset ya kusa ƙarewa ba. Haƙurin sauraro iri ɗaya ne ake buƙata.

Wanda aka fi zalunta shi ne Obscured by Clouds na 1972. Don wani fim na Faransa aka yi shi, La Vallée, na Barbet Schroeder, kuma cikin 'yan makonni aka naɗe shi a wani tsohon gidan sarauta kusa da Paris, a daidai lokacin da suka riga suka fara gwada waƙoƙin Dark Side a gaban jama'a. Wata tara bayan fitowarsa babban ya zo ya rufe shi. Amma a nan ne, a cikin "Free Four", Waters ya yi maganar mahaifinsa da aka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu a 1944, ciwon da ya dawo ya zama ƙashin bayan The Wall a 1979. Waƙoƙin gajeru ne, babu nauyin sai an burge kowa, kuma Gilmour bai taɓa rera waƙa cikin sakewa kamar yadda ya yi a "Wot's... Uh the Deal?" ba. Faifan yana rufewa da muryoyin mutanen Mapuga na New Guinea, inda aka ɗauki fim ɗin.

Akwai mai cewa son zuciya ne kawai, irin na masu tara kaya da ke ganin duk abin da jama'a ba su sani ba ya fi wanda suka sani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wasu daga cikin faya-fayan nan raunana ne. Gefen situdiyo na Ummagumma yana da wuraren da sai mai haƙuri sosai zai kai ƙarshensu. Gilmour da Waters da kansu sun sha kushe Atom Heart Mother daga baya. Faifan Genesis na farko an lulluɓe shi da goge da ƙaho da yaran ba su nema ba, sun ji haushi da suka saurari abin da aka mayar da waƙoƙinsu. Ba a cewa Time and a Word na Yes ya kai nasu Close to the Edge. Wanda ya faɗi haka ya yi wa kunnensa ƙarya.

Sai dai a duba babban zargin da ake yi wa wannan kiɗa baki ɗaya, wato girman kai da wuce gona da iri. A 1973 Yes suka fitar da Tales from Topographic Oceans, faifai biyu, waƙa huɗu, kowace ta cinye gefe guda, har mai kaɗa musu ogan, Rick Wakeman, ya gaji ya fice a shekarar da ta biyo. A 1977 Emerson, Lake and Palmer suka ɗauki cikakkiyar tawagar masu goge da busa zuwa rangadin Amurka, kuɗi suka ƙare, aka sallami tawagar tun ba a yi nisa ba. A daidai lokacin ne matasan pank suka taso a Landan da waƙoƙin minti biyu, suka mayar da prog abin zolaya na tsawon shekaru. Duk wannan kumburi bayan shahara ya zo, bayan kuɗi sun shigo kuma babu mai iya ce wa makaɗi ya isa haka. Faya-fayan farko ba su da wannan ciwo. Mutanen da suka yi su a tsohuwar mota suke yawo daga wannan kulob zuwa wancan, kwanakin situdiyonsu a ƙirge suke. Wanda ya ce ya ƙi prog saboda cika baki, to, wurin da ya kamata ya fara saurara ke nan.

A ɗauki faifan Yes na farko, na Yulin 1969. Akwai waƙar Beatles a ciki, "Every Little Thing", da ta Byrds, "I See You", sun ɗauko su sun warware sun sake ɗinkawa har masu su ba za su gane su da wuri ba. Bill Bruford yana kaɗa ganga kamar ɗan jaz, jitar Peter Banks tana yawo babu linzami, bes ɗin Chris Squire kuwa tun a lokacin ya ƙi zama a baya. A nan aka koyi dabarar ɗaukar ƙaramar waƙa a shimfiɗa ta, dabarar da ta haifi manyan ayyukan 1971 da 1972. Haka This Was na Jethro Tull, na 1968, wanda kusan duka bulus ne, Ian Anderson bai fi 'yan watanni da fara koyon sarewa ba, yana gwada "Serenade to a Cuckoo" ta Roland Kirk, daga wurinsa ya ɗauko salon busa da gurnani a lokaci guda.

Abin da ya sa aka sami waɗannan faya-fayai tun farko shi ne wani ya yarda ya yi asara. Yes sun yi biyu ba su yi kasuwa ba, kamfanin Atlantic na dab da sallamarsu, na ukun, The Yes Album, ya kai matsayi na huɗu a Birtaniya a 1971. Tony Stratton-Smith, mai kamfanin Charisma, ya riƙe Genesis shekara da shekaru bashi na taruwa. Supertramp wani attajiri ɗan Holan, Stanley August Miesegaes, ya ɗauki nauyinsu, suka yi faifai a 1970 da wani a 1971, duka biyun suka nutse, ya janye hannunsa, amma kamfanin A&M bai kore su ba. Da suka fitar da Crime of the Century a 1974, sun sadaukar masa da shi. Rush na Kanada kuwa, bayan Caress of Steel ya faɗi a 1975, kamfaninsu ya matsa musu su koma gajerun waƙoƙi. Suka ƙi, suka buɗe 2112 da waƙar minti 20, kuma shi ne ya cece su.

Yau wannan haƙuri ya yi ƙaranci. A Spotify, da zarar an saurari waƙa daƙiƙa 30 an ƙirga ta, don haka ribar mai waƙa tana cikin gajarta da saurin kama kunne. TikTok ya ƙara rage abin zuwa 'yan daƙiƙu. Gaskiya ne duk faya-fayan da aka ambata a nan suna cikin wayar hannu, abin da masu neman su a shekarun 1980 ba su taɓa mafarki ba. Amma in aka buɗe shafin ƙungiya, waƙoƙin da aka fi saurara ne ke sama, kuma saboda suna sama ake ƙara saurarensu. Mai shagon tsofaffin faya-fayai bai san wanne ya fi shahara ba, a akwati ɗaya yake zuba su, Trespass a jikin shahararren faifan Genesis, Invisible Touch, sai hannun mai nema ya faɗa kan wanda Allah ya nufa. Manhaja kuwa ta sani, kuma tana tura kowa ƙofa ɗaya. Sai wanda ya yi niyya ya gangara ƙasan jerin.

Yammacin Afirka na da nata kaso a wannan tarihi, kuma shi ma an bar shi a ƙasan jerin. A 1969, a Landan, 'yan Gana uku, Teddy Osei da ƙanensa Mac Tontoh da Sol Amarfio, suka haɗu da ɗan Najeriya Lasisi Amao da wasu uku daga tsibiran Karibiyan, suka kafa Osibisa. Yawancin masu tuna sunan, "Sunshine Day" ta tsakiyar shekarun 1970 suke tunawa, waƙar rawa mai sauƙi. Faya-fayansu biyu na farko, Osibisa da Woyaya, duka na 1971, wani abu ne daban. Tony Visconti, wanda ya yi aiki da David Bowie, shi ya tsara sautinsu. Roger Dean ya zana musu giwaye masu fukafukai a bango tun kafin ya zama mai zanen Yes. A ciki akwai dogayen kiɗa da ogan da jita da ƙahoni ke hawa kan gangunan Gana, na farkon ya kai matsayi na 11 a Birtaniya, kuma a Woyaya su ma sun ɗauko waƙar Roland Kirk, "Spirits Up Above". Masu sayen Yes da King Crimson a lokacin su ne masu sayen Osibisa. Teddy Osei ya rasu a Landan a farkon 2025, kuma abin takaici ne a ce matashi a Kumasi ko Kano mai son kiɗan jita bai taɓa jin "The Dawn" ba.

Kusa da gida ma akwai misali, ko da yake salon ya bambanta. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hagu, yau yana cika dandamali a Turai da Amurka, kuma Afrique Victime na 2021 ya sa masu sharhin rok sun yi masa tsaye. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da gangar inji da muryar da aka bi da ita ta kwamfuta, irin salon waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Ba a buga shi a kasuwa ba. Ta katin waya da Bluetooth ya yi yawo a Sahel, har waƙa guda daga ciki ta faɗa hannun Christopher Kirkley na Sahel Sounds, wanda ya bi sawu ya nemo mai ita, aka fitar da kundin a hukumance a 2014. Baturen da ya san Mdou ta jitarsa mai tsawa, in ya koma ga Anar, zai ji wani mutum daban. Bahaushe kuwa zai ji sautin da ya sani tun daga kasuwar garinsu.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda shi ya fi damun mai wannan rubutu. Kusan kowane faifan farko yana ɗauke da sunan wani da ya sauka daga mota kafin a iso gari. Anthony Phillips, wanda salon jitarsa mai tsirkiya 12 ya zama tambarin Genesis, tsoron hawa dandamali da rashin lafiya suka fitar da shi jim kaɗan bayan an gama Trespass, yana ɗan shekara 18. Lokacin da aka shigar da Genesis zauren karrama mawaƙan rok na Amurka a 2010, babu sunansa a cikin biyar da aka kira. Peter Banks shi ya kawo sunan Yes. Bai ji daɗin cusa masu goge a Time and a Word ba, aka rabu da shi kafin faifan ya fito, kuma da aka buga shi a Amurka, hoton wanda ya gaje shi, Steve Howe, aka sa a bango, alhali bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya a ciki ba. Banks ya rasu a 2013. Da aka karrama Yes a 2017, an kira mutum takwas, babu shi.

Na Rush ya fi taɓa zuciya. A 1974 sun buga faifansu na farko da kuɗinsu, saboda babu kamfanin da ya karɓe su a Kanada. Kwafi guda ya isa gidan rediyon WMMS a Cleveland, birnin ma'aikatan masana'antu, wata ma'aikaciyar gidan, Donna Halper, ta zaɓi "Working Man" aka sa a iska. Masu sauraro suka yi ta bugo waya suna tambaya, daga nan kamfanin Mercury ya ba su kwantiragi. Wanda ya kaɗa ganga a wannan waƙa John Rutsey ne, abokin mai jitarsu, Alex Lifeson, tun yarinta. Ciwon suga da saɓanin ra'ayi kan alƙiblar kiɗan suka raba shi da su makonni kaɗan kafin rangadinsu na farko a Amurka, Neil Peart ya maye gurbinsa. Rush sun ci gaba da kaɗa "Working Man" har rangadinsu na 2015. Rutsey ya rasu a 2008, shekara biyar kafin a karrama ƙungiyar, kuma a faifai guda ɗaya tak na situdiyo ake jin gangarsa.